Barcin Kurege a Bakin Dutsen Niƙa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo, mun baza kunne.

Dutsen niƙa ɗaya ne tak a garin dabbobi, Kunkuru ke rabonsa. Kowa ya niƙa ƙwarya guda sai ya koma bayan layi. Amma wanda barci ya ɗauke, da ya farka sai na kan dutse ya ɗaga masa, tunda an yi ta niƙa ba da shi ba.

To, ran nan surukar Kurege za ta zo, ya kuwa cika baki zai yi mata tuwon da ba ta taɓa ci ba. Ya tarar da layi har bakin rafi. Ɗan nema sai ya kwanta, ya ɗan ja minshari, ya yi zumbur.

"Baba Kunkuru, na farka."

"To, a ɗaga masa."

Ya niƙa, ya kwanta, ya yi zumbur. Na farka, a ɗaga masa. Sai kwaɗayi ya raya masa, in guntun barci ya ba da ƙwarya, ai dogo zai ba da dutsen gaba ɗaya. Ya miƙe ƙafa, barcin gaske ya yi awon gaba da shi. Kaji suka wawashe ɗan garin da ya tara.

Sai la'asar ya tashi. Ido bai gama buɗewa ba ya hangi bayan wata tsohuwa durƙushe a kan dutse.

"Ke tsohuwa, sauka, na farka. Yau dutsen nawa ne har magariba."

Kunkuru ya ce, "Barci ba ya taruwa, ɗana. Ko wuni ka yi, ƙwaryarka guda ce."

Tsohuwa ta waiwayo. Ashe surukarsa ce. Tun hantsi ta iso, ta iske murhu a sanyaye, ta ɗebi dawa ta bi layi. Kunya ta rufe Kurege, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Da ƙyar ya ce, "Inna, ai nufina ki sauka in niƙa miki."

"Madalla," in ji Kunkuru. "Ƙwaryarka ke nan."

Ya durƙusa, kai a sunkuye, ya niƙe mata tas. Ba ta zage shi ba, gara ma da ta zage shi. Ta ɗauki garinta kawai ta ce, "Sannu da barci."

Shi ya sa har gobe in kurege ya farka, sai ya miƙe tsaye ya duba ko'ina kafin ya buɗe baki.

Kurunkus. Mai son barcin ƙarya, ya fara tambaya ko surukarsa na gari.