Mai Gadin Fura

An ce a wani gari na bakin gulbi, Kwatar Giwa, an yi wani hakimi, Marafa Jatau, mutumin kirki amma mai saurin hawa. Da damina ta zo ƙarshe, ɓarayi suka kore shanun garin suka haye gulbi suka shiga daji da su. Marafa ya sa aka yi shela cewa duk mai jini a jika ya haye gulbi ya bi sawu, ƙaninsa Barmo ne zai ja su.

To, garin yana da wata al'ada. Duk wanda aka bari a mashigi yana tsaron kwale-kwale da kai wa mayaƙa guzuri, 'yan mata kan sa shi a waƙa har shekara ta zagayo, suna kiransa mai gadin fura. Saboda haka kowa ya ce shi dai sai gaba. Marafa ya ce a ɗaure kwale-kwalen a bar su, ai ba ƙafa gare su ba. Ya faɗa da ƙarfi, amma da ya koma zaure hankalinsa ya ƙi kwanciya, don Barmo kaɗai ya rage masa cikin 'yan ɗakinsu.

Yana zaune bayan la'asar sai ga wata tsattsewa ta sauka kan azara. Tsohuwar baƙuwarsa ce, duk shekara takan zo idan sanyi ya kore ta daga ƙasashen Turawa.

Marafa ya ce, "Maraba da 'yar tafiya. Bana kin rame."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya fito inda ake yaƙi ai dole ya rame. Na ji shelarka tun daga kan rimi. In ka ba ni izini, in ba ka labarin gadar da na yi sheƙa a ƙarƙashinta."

Ya ce, "Bismillah."

Tsattsewa ta ce, "A ƙasar Yukren, inda suke gwabzawa da Rashawa, na yi sheƙa ƙarƙashin wata gada, na ƙyanƙyashe 'ya'ya. Ta kan gadar nan burodi da harsashi da mai suke wucewa zuwa wurin sojojin wani kwamanda, Ostap. Wata safiya Rashawan da ke gabansa suka janye. Ostap ya ɗauka tsoronsa suka ji, ya ce a kwashi kowa, har masu tsaron gada, a bi su. Ni kuwa na san in masu tsaron nan da ke harbo jirage marasa matuƙa suka tafi, gada ta tafi, 'ya'yana ma sun tafi.

"Sai mataimakinsa, Yarema, ya ce, 'Shugaba, mutanen nan ba mu muka kore su ba. Tasu gadar ce aka karya, tankokinsu suka rasa mai, cikinsu ya rasa abinci. Bari in ba ka labarin kabewar kakata.' Ostap ya ce ya faɗa, amma ya gajarta.

"Yarema ya ce, 'Kakata ta shuka kabewa a gindin katanga. Ta yi yaɗo ta haye katanga, ta hau rufin maƙwabta, ta yi 'ya a can sama inda kowa ke gani. 'Yar kabewar nan ta riƙa leƙo gindinta tana cewa, kai dai ka zauna cikin turɓaya, mu mun ci gari. Gindi ya ce, ruwan da kike sha ta jikina yake bi. Ta yi dariya. Ran nan aka manta ƙofa a buɗe, akuya ta shigo. Ba ta iya hawa rufi ba, ba ta ma yi niyya ba. Gindin ta gatsa sau ɗaya ta wuce. Kafin mako kabewar ta yanƙwane a inda take taƙama. Shugaba, akuya ba ta hawa rufi, kuma ba ta bukatar hawa.'

"Ostap ya yi tsaki, ya zagaya, ya dawo, sannan ya ce masu gada su zauna. Rundunar da ke maƙwabtaka da shi ba ta yi haka ba. Suka yi nisa, aka datse hanyarsu ta baya, suka dawo a ƙafa da bindigogi ba harsashi, leɓuna a bushe. Ta kan gadarmu suka tsira, 'ya'yana kuma suka yi fiffike. Ranka ya daɗe, ɓarayin shanunka ma sun san inda kwale-kwale suke kwana."

Marafa ya rufe ido. Ya hango Barmo a tsakiyar daji da mutane masu yunwa, gulbi cike a bayansu, kwale-kwale sun zama toka.

Ya ce, "Na ji. Amma wa zan ce ya zauna? Mutanen nan sun fi tsoron bakin 'yan mata da bakin bindiga."

Tsattsewa ta ce, "Wannan kuma ya fi ƙarfin tsuntsu."

Da gari ya waye mayaƙa suka taru a mashigi, sai suka tarar an yi shimfiɗa ƙarƙashin giginya, Marafa na zaune da bindigarsa a cinya, ƙoren fura jere a gabansa.

Ya ce, "Barmo, ka haye da rabi. Ni ne mai gadin fura bana. Wadda ke da waƙa ta zo ta rera a gabana, ina saurare."

Aka dubi juna. Sai wani ƙato da jiya ya fi kowa rantsuwar shi sai gaba ya matso, ya ce ai bai kamata a bar Marafa shi kaɗai ba. Nan da nan masu son zama suka yi yawa, har sai da aka tilasta wa wasu hayewa.

Marafa ya bi kwale-kwalen Barmo da kallo har ya kai wancan gaci, ya ga an juyo da shi don ɗaukar guzuri. Sai a lokacin ya sauke ajiyar zuciya, ya ce a miƙo masa ludayi.