Ranar Da Kailu Ya Wanke Gonar Kubura

Akwai wani mutum a Filinge zamanin mulkin soja, sunansa Kailu. A Yamai ya koyi gyaran tsofaffin littattafai da takardu. Hannunsa kam akwai kyau, amma kunnen ƙashi gare shi, ba a gaya masa ya ji.

Wata ranar kasuwa, wata tsohuwa mai suna Kubura ta zo wurinsa daga ƙauyen Tabla da takarda a naɗe cikin fata. Rubutun ajami ne na kakanta, mai nuna iyakar gonarsu. Wani mai ɗaurin gindi ya ce gonar tasa ce, kumandan sojan da ke mulkin yankin kuma ya ce ranar Alhamis kowa ya kawo shaidarsa. Takardar ta yi dauɗa, da ƙyar ake karanta ta.

Kubura ta ce, "Ɗana, ka gyara mani ita, amma don Allah kada ta ga ruwa. Tawadar allo ce."

Kailu ya yi dariya. "Haba Inna! Littattafan Nasara masu shekara ɗari na wanke da hannun nan. Tafi ki ci kasuwarki."

Ta kai bakin ƙofa ta juyo. "Na dai faɗa maka."

Tana fita ya cika tasa da ruwa, ya kwantar da takardar a ciki. Wayyo! Ai tawadar Nasara daban, tamu daban. Tamu an yi ta ne don a wanke a sha. Yana kallo baƙaƙen suka narke, layi bayan layi. Ya cafko takardar, amma aikin gama ya gama.

Da la'asar Kubura ta dawo. Ta dubi farar takardar, ta dubi baƙin ruwan tasa. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba. Wallahi da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ƙwaryarta ta miƙa masa. "Zuba mani in sha. Abin da ya rage mani na gonar kakana ke nan."

Ranar Alhamis aka karɓe gonar. Soja sun tafi, farar hula sun zo, amma har Kailu ya tsufa babu ɗan yankin da ya sake ba shi ko fallen takarda ɗaya.

Darasi: Kome iliminka, saurari mai abu, shi ya san abinsa. Jama'a, ku tura wa wanda boko ya toshe wa kunne, tun bai wanke gonar wani ba.