Allura Ba Kwano Ba Ce

Akwai wani matashi mai suna Abdul-Fatawu, ɗan Zangon Aboabo da ke Kumasi, wanda neman na kai ya kai shi Dubai a shekarar 2011. Da ya ɗan zauna da gindinsa, sai ya jawo amininsa Hadi. Gida ɗaya suka tashi. Kofi ɗaya suka sha koko, kwano ɗaya suka ci tuwo, malami ɗaya ya zane su.

Ranar da Hadi zai taso, mahaifiyarsa Mma Zenabu ta karɓi wayar ta ce da Fatawu, "Ga ɗan'uwanka nan tafe. Shi kaɗai gare ni. Yadda na ba ka shi, haka za ka dawo mini da shi."

Fatawu ya ce ya ji, ya ɗauki amana.

A unguwar Al Qusais suke zaune, a ɗakin haya mai gadaje masu hawa biyu, su da wasu samari. Hadi ya sami aikin girki a wani gidan abinci a unguwar Al Buteen, inda fatake Hausawa ke zuwa cin tuwo. Shi kuwa Fatawu a jim yake aiki, wato gidan motsa jiki. Da goge ƙasa da jera ƙarafa ya fara.

Wata rana mai jim ɗin, wanda ma'aikata ke kira Arbab, wato maigida, ya dubi faɗin kafaɗarsa ya ce zai mai da shi mai horarwa. Amma fa ya sani, babu mai biyan kuɗi don wanda riga ke yi wa yawa ya koya masa ɗaga ƙarfe. Ya ja shi ɗakin baya ya nuna masa wasu ƙananan kwalabe na maganin ƙara tsoka. Sirinji ɗaya ne a ɗakin. Duk masu horarwa da shi suke yi, a ɗauraye a miƙa wa na gaba.

Kafin shekara ta zagayo, Fatawu ya zama wani mutum daban. Ƙirji ya buɗe, wuya ya cika, yana tafiya hannuwa a ware kamar mai maruru a hammata. Hotunansa suka cika Fesbuk, samarin Aboabo suna ta kiransa Zaki. Ƙurajen da suka feso masa a baya, da saurin fushi, da bugun zuciyar da ke tashinsa daga zaune, duk bai sa su a lissafi ba.

Hadi kuwa siriri ne tun fil'azal. Tsinken Tsire Fatawu ke kiransa, shi kuma ya yi dariya ya ce ai tsinken ne ke riƙe naman. Amma zafin kicin ya ishe shi. Fatawu ya yi masa magana wurin Arbab, Arbab ya ce, "Idan ya cika riga, kawo shi, habibi."

Ana cikin haka, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wata ɗalibar likitanci 'yar Kano mai suna Mariya ta shigo gidan abincin. Bincike take yi a kan magungunan da masu zuwa jim ke sha ko suke yi wa kansu allura. Tana ganin Fatawu, wanda ya zo cin tuwo, ta gane yana amfani da su. Ta yi masa sallama cikin mutunci, ta nemi ya ba ta 'yan mintoci.

Ta gaya masa abin da suke gani a asibiti: samari masu kyan jiki a waje, amma hanta ta gaji, zuciya ta kumbura, ƙoda ta fara gazawa. Ta ce mafi saurin illa shi ne yin tarayya a allura, domin ciwon hanta daga jini zuwa jini yake tsallakawa. Ta ce za a gwada jininsa kyauta, ba za a tambayi sunansa ba. Wanda aka samu lafiya lau, akwai rigakafin da zai kare shi.

Fatawu ya tuna sirinjin ɗakin baya. Amma idon mutane na kansa. Sai ya naɗe hannun riga, ya murɗa damtse ya ce, "Malama likita, dubi nan da kyau. Wannan ne marar lafiyar? Ki nemi masu tari, suna can bakin ruwa suna jiran kwalekwale."

Fatake suka yi dariya. Wani ya tambaye ta ko a Kano ma haka ake yi wa mutum fatan ciwo yana cin abinci. Fatawu ya ƙara da cewa su mutanen Zango ba su san ƙyamar juna ba, kwano ɗaya suke ci tun kakanni, ba wanda ya mutu.

Mariya ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Ku ci a kwano ɗaya har ƙarshen rayuwarku, babu abin da zai same ku. Amma allura ba kwano ba ce."

Hadi na tsaye a ƙofar kicin, ludayi a hannu, ya ji komai. A jirgin ƙasa, kan hanyar komawa gida, ya ce shi kam yana so ya je a yi masa rigakafin nan kafin su fara allurar. Fatawu ya hana. Ya ce masu binciken nan da hukuma suke aiki, ka ba da jini yau, gobe ka gan ka a jirgin Accra. Bai san haka ba. Tsoronsa ne ya sa wa rigar sani.

A makon nan ya kawo kwalba da allura gida. Allura ɗaya tak, domin maganin ba na halal ba ne ba tare da izinin likita ba, kuma ɗakin idanu sun yi yawa. Wa zai riƙa zubar da allurai a kwandon shara kowa na gani? A cikin tsohon takalmi yake ɓoye ta, ya ɗauraye da ruwan zafi.

Da ya yi wa kansa, ya juyo kan Hadi, sai Hadi ya ja baya.

Ya ce, "Chale, abokina, wadda ka gama yi da ita yanzu?"

"Tun muna yara me muka taɓa rabawa? Yau ne za ka yi ƙyamata?"

A Zango babu zargi mai nauyi kamar a ce ka ƙyamaci ɗan'uwanka. Hadi ya juya masa baya, ya bari ya yi masa allurar.

Watanni suka shuɗe. Hadi bai cika riga ba. Maimakon haka abinci ya fita ransa, mai girki ya koma ba ya iya jure warin mai. Gajiya ta kama shi, fitsarinsa ya koma kamar shayi. Fatawu ya ce jiki ne ke sabawa, ya ƙara masa yawan maganin. Sai da wata safiya ya ga farin idon Hadi ya zama rawaya, sannan ya daina faɗin haka.

Lokacin ya zo daidai da sabunta bizar Hadi, kuma ana gwada jinin masu aikin abinci. Sakamako ya nuna ciwon hanta. Aiki ya ƙare, zama ya ƙare.

Fatawu ne ya ɗauki jakarsa zuwa filin jirgi. Hadi bai zarge shi da ko kalma ɗaya ba. Abin da kawai ya ce shi ne, "Kar ka gaya wa Mma yadda aka yi. Ba za ta iya jin haushinka ba, kuma ba za ta iya mantawa ba."

Ba a daɗe ba tasa bizar ta zo. Shi ma jininsa ya nuna abin da ya ƙi ji a gidan abinci. Ya je wurin Arbab, ya tuna masa wanda ya fara kai shi ɗakin baya, ya roƙi ko taimakon magani. Arbab bai ɗago daga wayarsa ba. Ya ce shi bai san wani ɗakin baya ba, bai taɓa riƙe hannun kowa ba. "Khalas. Yalla," wato zance ya ƙare, kama gabanka. A ranar wani sabon yaro mai faɗin kafaɗa ke goge ƙasa.

Fatawu ya koma Kumasi a 2014. Da maganin ya yanke, tsokar ta zube kamar an kwance buhu. Ya tarar da Hadi kwance, ciki ya kumbura, hantar da ciwo da magani suka haɗu suka cinye ta daina aiki. Mma Zenabu ta tarbe shi da murna, ta zuba masa tuwo, tana yi masa godiyar riƙon da ya yi wa ɗanta a baƙuwar ƙasa. Fatawu ya janye hannunsa daga kwanon.

Hadi ya rasu bayan ƙaramar salla.

Da aka ɗauki makara, Fatawu ya kutsa ya kama kusurwa ɗaya. Tsinken Tsire ne a ciki, ciwo ma ya ƙara rage shi. Amma ba a yi nisa ba ƙarfin Fatawu ya ƙare, numfashi ya sarƙe, makarar ta karkata ta gefensa. Wani tsoho mai sayar da goro ya dafa shi ya ce, "Kawo, ɗana, ka huta."

Zakin Aboabo ya saki. Ya tsaya a gefen hanya yana kallo, wasu suka kai amanarsa makwanci.

Darasi: Ƙarfin da aka saya a kwalba aro ne, kuma da hanta da zuciya ake biyansa. Zumunci ba ya wanke allura. Idan mai ilimi ya gaya maka gaskiya, kar dariyar 'yan kallo ta sa ka ƙi ji, don ba za su raka ka asibiti ba. Kuma kada wanda ya ce mini ƙaddara ce kawai a rufe zance. Fatawu ya biya, Hadi ya biya, Mma Zenabu tana kan biya. Wanda ya buɗe ɗakin baya fa? Shugabannin ƙungiyoyinmu na ƙasashen waje, ba taron suna da karɓar gudummawa ne kaɗai aikinku ba. Ku bi kadin yaranmu, ku kai ƙarar masu irin wannan sana'a, a biya iyaye hakkinsu. Ku tura wannan labari ga duk wanda ke da ɗa ko ƙane mai ɗaga ƙarfe, tun idonsa yana fari.