Nomau Mai Rake da Likkafanin Inna

An yi wani mutum a shekarun baya, a wani ƙauye da ke bakin babbar hanya, ana ce masa Nomau. Ku matso kusa. Na baya ku bar hirar nan, da ku nake. Nomau bawan Allah ne, ba shi da komai sai baron rake, da wuƙar fere, da wani tsohon babur da sai an tura yake tashi. A gindin ɗorawa, dab da masallacin matafiya, nan yake kasa rakensa. In mota ta tsaya, shi ne mai cika butoci, shi ne mai shimfiɗa tabarmi, shi ne mai nuna wa mata inda za su kewaya. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda yake biyansa.

Wata rana da damina, wani Alhaji Mudi ya taso daga birni da iyalinsa za su garinsu gaida dangi. A motar akwai matarsa Kubura, da 'ya'yansu, da mahaifiyarsa, tsohuwa ce, kowa Inna yake ce mata. Shi Alhaji Mudi ba mugu ba ne, yana salla, yana fid da zakka. Ciwonsa ɗaya ne: bai yarda da kowa ba. Tun da suka bar gida bakinsa bai huta ba. Yara suka ga samari suna cike ramukan hanya da jar ƙasa, ya ce, "Su suke haƙawa, su cike." Aka miƙo tsire ta taga, ya ce naman jaki ne. Mai fetur a galan, ya ce rabi kananzir ne. Dafaffen ƙwai, ya ce na shekaranjiya ne. Haka aka wuce gasasshiyar masara, aka wuce gyaɗa, aka wuce fura, yara sai haɗiyar yawu suke yi. Na ga wasunku suna murmushi, sun tuna da wani. Kar ku waiwaya, ku dube ni.

Da azahar suka tsaya a masallacin nan. Nomau ya taso da butoci yana yi musu sannu da hanya. Alhaji ya dube shi sama da ƙasa, ya raɗa wa matarsa, "Kubura, riƙe jakarki da kyau. Wannan rawar jikin ba banza ba."

Aka yi salla. Inna ta zazzage jakarta tana neman carbi, ta fito da wani ƙunshi ta ajiye a gefen tabarma. Alhaji yana ta danna odar mota, a zo a tafi, a zo a tafi. Tsohuwa ta tashi a gaggauce, ta bar ƙunshin.

Sai da mota ta ɓace Nomau ya zo naɗe tabarmi ya gan shi. Ya ɗan buɗe gefe don ya san na wane ne. Farin yadi ne sabo, da turare a ciki. Likkafani.

To ku saurara. Likkafanin nan na Inna ne. Daga Makka ta zo da shi, ta wanke shi da zamzam, kuma ko maƙwabta za ta kwana ba ta barinsa a gida. Amma ina Nomau zai san wannan? Shi abin da ya zo masa a rai shi ne rasuwa aka yi wa mutanen nan, jana'iza za su, shi ya sa mai gidan yake ta gaggawa. Ya ce a ransa, "Za su isa, a wanke mamaci, a nemi sutura a rasa. Kuma ƙauyukan gaba ba a samun yadi sai ranar kasuwa."

Bai ko rufe rakensa ba. Ya cusa ƙunshin cikin rigarsa saboda an fara yayyafi, ya naɗe fuska da ƙyalle, aka tura masa babur ya bi su. Wuƙar fere tana nan a ƙugunsa inda take kullum, ya ma manta da ita.

Kubura ce ta fara hango shi. Ta ce, "Alhaji, wani mai babur yana bin mu tun ɗazu."

Alhaji ya dubi madubi. Ga mutum ya rufe fuska, ga wani abu ya yi tudu a cikin rigarsa. Ya ce, "Ban faɗa ba? Mai raken nan ne. Ƙare mana kallo ya yi a masallaci." Ya taka mota.

Nomau ya ga mota ta ƙara wuta, ya ce, "Allah sarki, kar a binne babu su suke gudu." Shi ma ya ƙara wuta. Ya kunna fitila yana kashewa, ya ɗaga hannu yana yafito su. Alhaji ya ce, "Kun gani? 'Yan uwansa yake yi wa alama, suna cikin daji." Yara suka fara kuka. Kowace saniya a bakin hanya ta zama abin tsoro, kowane manomi da fartanya a kafaɗa ya zama ɗan fashi. Kun ga ikon Allah? Gudunsu yana ƙara tabbatar wa Nomau da nasa zaton, gudunsa yana ƙara tabbatar musu da nasu.

Inna ta ce, "Mudi, ka tsaya ka ji mana. Ƙila alheri ne."

Ya ce, "Inna, ba ki san mutanen yanzu ba."

A bakin wani gari akwai shingen 'yan banga, sun gitta itace a hanya. Alhaji ya taka birki, ya leƙo ya ce, "Ku taimake mu, ɗan fashi ne ya biyo mu, ga shi nan tafe." Nomau ya iso yana murna ya cim musu. Bai sauke ƙafa ba gora ta same shi. Ya faɗi, babur ya danne shi. Aka lalube shi aka ga wuƙa, shi ke nan sai duka ta ko'ina. Ya sa hannun dama ya tare ƙirjinsa don kar ƙunshin ya taɓa laka, a hannun nan sanda ta sauka, ƙashi ya karye. Wani har ya tafi neman igiya. Shi kuwa abu ɗaya yake ta faɗa, "Gawa tana jira. Ku kai musu, gawa tana jira."

Babban 'yan bangan ya ce a dakata. Ya zaro ƙunshin ya warware a gaban jama'a. Sai ga likkafani.

Inna ta fito daga mota tana dogara sanda. Ta ce, "Nawa ne."

Nomau ya ɗago kai, jini yana bin fuskarsa, ya ce, "Inna, ban makara ba ko? Ba a kai shi ba?"

Ta ce, "Ɗan nan, ba wanda ya mutu. Ni ce mai shi, ga ni tsaye."

Jama'a, da ni ne, ban san abin da zai fito daga bakina ba. Shi sai ya ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya ƙara miki nisan kwana." Ya mai da kai ƙasa.

Alhaji Mudi ya durƙusa a cikin lakar nan da babbar rigarsa, cike da kunya da nadama. Ya ce, "Malam, ka yafe mini."

Nomau ya ce, "Ba komai, Alhaji. Iyalinka ka ji wa tsoro. Ni ma da na tuna na cire wuƙar."

Inna ta juya ta dubi ɗanta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Mudi, don kaina na wanke yadin nan. Saura kaɗan yau ka sa a naɗe bawan Allahn nan a ciki."

An kai Nomau wurin mai ɗori, aka ɗora, amma hannun bai koma daidai ba. Har ya bar duniya da hagu yake feren rake. Alhaji ya yi ta hidima da shi shekara da shekaru, hidimar ba ta miƙar da ƙashin ba.

To 'yan uwa, ban ce kar ku yi hattara a hanya ba. Akwai mugaye, ni ma ina tafiya, na sani. Amma hattara daban, mugun zato daban. Mutum biyu suka yi zato a ranar, kuma duk biyun kuskure suka yi. Nomau ya yi kuskure, kuskurensa ya sa shi barin sana'arsa don ya suturta mamacin da bai sani ba. Alhaji ya yi kuskure, nasa ya karya hannun mai neman halal. Tun da ba ku san gaibu ba, dole wata rana zatonku ya kuskure, to ku zaɓi irin kuskuren da za ku iya tsayawa da shi gaban Allah. Kuma ku kiyayi harshenku. Kalmar "ɓarawo" ba ta da nauyi a baki, amma in ta fita a cikin taro, kai da ka faɗe ta ba ka isa ka tsayar da sandunan ba. Kafin ka kira ɗan wani da ita, a tasha ne, a kasuwa ne, a ƙofar gidanka ne, ka fara tambayarsa abin da ke tafe da shi. Allah ya wanke mana zukatanmu.