Gara a Rumbun Magini

Akwai wani mutum a wani ƙauye, manomi ne, kuma maginin rumbu. In ya ɗora rumbu a kan duwatsu, ya yaɓe shi, ya kifa masa jinka, sai ka ga masu wucewa sun tsaya kallo. Yawancin rumbunan garin shi ya gina su. Nasa kuwa ya fi na kowa kyau, yana jin daɗin hakan, ba ya ma ɓoyewa.

A garin nan ba mai leƙa rumbun maigida sai shi kansa. Shi zai ɗaga jinka, ya shiga, ya miƙo dami a sussuka. Ko matarsa ba ta tambayar abin da ya rage. In kuma an gamu a hanya aka ce, "Ina gida?" amsar ɗaya ce, "Lafiya lau," ko da kuwa gidan gobara yake yi.

Wata shekara, bayan an kai amfani gida, mutumin ya shiga rumbunsa ɗaukar gero. Sai ya ga wata siririyar hanya ta jar ƙasa ta hau bango daga gindi. Ya kankare da farce, ga gara tana ta kai da kawowa. A can ƙasa kuwa ya ajiye zaɓaɓɓun zangarniyoyi, irin da zai shuka in damina ta zo.

Maganin abin ya san shi sarai, ya sha yi wa wasu. A kwashe hatsin duka a baza a fili ya sha rana, a kankare bango, a sake itatuwan gindi, a zuba toka. Amma wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne, ba ya kuma yiwuwa a ɓoye. Sai an kira mutane, kowa kuma zai ji cewa gara ta shiga rumbun magini.

Ya ce a ransa, "'Yar kaɗan ce, za ta tafi da kanta." Ya mayar da jinka, ya sauko.

Gara ba ta tafi ba. Duk shigar da zai yi sai ya tarar ta ƙara hawa. Shi kuwa sai ya kwaɓa ƙasa ya sake yaɓe rumbun ta waje, ya shafe shi sumul. Masu wucewa suna cewa, "Kai, magini, rumbun nan ya fi ɗakin kwanan wani kyau!" Addu'a kuwa yana yi, ban ce ba ya yi ba. Amma da ya ce "Amin" sai ya koma kan kwaɓin ƙasarsa.

Sannu a hankali abin ya koma cin mutumin kansa. Barci ya ƙaurace masa. In aka kawo tuwo, ya taɓa kaɗan ya ture. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Yaran da ya saba ɗauka a kafaɗa suka koyi yin shiru in sun ji takunsa. Ya daina zuwa gayya. A coci, lokacin sujada, yana zama can baya, ya sulale kafin a gaisa. Har ya fara ratsewa wajen masu burkutu, shi da bai taɓa kai ta bakinsa ba.

Matarsa Tabita ta ce, "Maigida, me ke damunka? Ko jikin ne?"

Ya ce, "Kin ga ciwo a jikina?"

Ba ta gani ba. Amma ta je ta faɗa wa yayansa Habila. Habila ya zo da hantsi, ya zauna a inuwar rumbun, suka gaisa.

Ya ce, "Ƙanena, geron da Tabita ta kawo mana yana warin ƙasa. In akwai wani abu a ciki, ka faɗa mini. Gobe sai in zo da mutane."

Mutumin ya kau da kai. Ya ce, "Lafiya lau, Yaya."

Habila ya miƙe. Sa'an nan ya ɗauki sandarsa ya ce, "To. Ka dai san hanyar gidana."

Haka rani ya wuce. Sai ruwan shuka ya sauka, gari ya tashi, kowa ya saɓa sungumi. Tabita ta tsaya a gindin rumbu da ƙwarya tana jiran iri. Mutumin ya hau, ya dira ciki. Itatuwan gindi kuwa gara ta riga ta cinye su, sai suka rufta da shi. Bangon da ya sha yaɓe ya tsage, jar ƙasa da ƙaiƙayi suka zubo tsakar gida. Aka jawo shi da karyayyar ƙafa, abin da ya ɓoye kuma yana baje a idon kowa.

Ya rufe fuska yana jiran dariya. Ba wanda ya yi. Maƙwabta suka ajiye sungumi, mata suka kawo faifai suna sheƙe ƙasar, har aka tsinci irin da bai cika ƙwaryar Tabita ba.

Habila ya durƙusa kusa da shi ya ce, "Da ka kira ni da kaka, kafin rana ta faɗi mun gama."

Ya ce, "Kunya na ji, Yaya."

"Kunyar me? Da gara ta shiga nawa, ba kai ka gyara mini ba? Ka raina ni a ranar?"

Mutumin ya yi kuka. A shekarar 'yan'uwa ne suka shuka masa, suka ciyar da gidansa. Ƙafar ta warke, amma da ɗingishi, bai kuma sake hawa rumbu ba.

'Yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Rumbun shi ne zuciyar mutum. Garar ita ce ciwon damuwa, wato nauyin nan da yake zama a rai ya ƙi tashi, har mutum ya daina jin daɗin abin da ya saba jin daɗinsa, ya ga kansa ba shi da amfani. Yaɓen waje shi ne murmushinmu da "lafiya lau" ɗinmu. Irin shuka kuwa shi ne begen gobe.

Ciwo ne, ba lalaci ba ne, ba kuma rashin bangaskiya ba. Yana kama mai wa'azi, yana kama mai waƙa a zumuntar coci. In an bar shi, ba ya tsayawa a zuciya. Yana hana barci da ci, ya raunana jiki, ya ƙara wa mai hawan jini ko ciwon suga wahala. Yana cin aiki, ya sanyaya aure, ya nisanta yara da iyayensu, ya ja wani ga shaye-shaye. Wani har ya fara ganin mutuwa ta fi masa, wanda ya kai nan kuwa kada ya kwana da tunanin shi kaɗai.

Amma yana da magani. Mu yi addu'a, mu kuma je asibiti, gama Allah da ya ba mu addu'a shi ya ba likitoci sani. Kai kuma da kake ganin ɗan'uwanka yana ramewa, kada ka tafi don ya ce lafiya lau. Ka dawo, ka sake dawowa, ka raka shi.

In kai ne mai rumbun, mutanen da kake tsoron dariyarsu su ne za su zo da faifai. Gara dai su zo tun iri yana nan. Yau in an tashi sujada, ka ja mutum ɗaya gefe, ka ce masa, "Yaya, zo ka leƙa."