Irin Geron Da Ke Cikin Jinka

Akwai wani manomi, sunansa Habila, wanda zama wuri ɗaya bai taɓa karɓarsa ba. Ko huɗa yake yi, idonsa na kan hanyar mota. Ran nan ya ce wa tsohonsa, "Baba, zan ƙetare teku. Gonar nan ba za ta fisshe mu ba."

Tsohon ya ce, "To, Allah ya kiyaye. Iri dai yana nan a jinka."

Gama al'adar tsohon ce, kowace kaka ya zaɓi zangarniyar gero mafi kyau, ya soke ta a jinkar ɗakin girki, inda hayaƙi ke korar ƙwari. Irin kakanni ne, mai jure fari, ba a samunsa a kasuwa.

Habila ya tafi Italiya yana tsinkar tumatir a gonar wani, tare da mutanen Romaniya waɗanda su ma suka baro nasu gonakin. Aikin ya yi albarka. Ƙanwarsa Rahila ta gama makaranta, aka yi wa tsohon aikin ido. Amma hankalinsa bai kwanta ba, daga wannan gona sai waccan, har shekara shida.

Da ya ji an kwantar da tsohon a asibiti, sai ya kira Rahila. "A sauke jinkokin gidan nan duka, a buga kwano. Kada Baba ya dawo ya tarar da ciyawa."

"Yaya, har ɗakin girki?"

"Da shi za a fara. Ke ba ki gaji da baƙin hayaƙi a miya ba?"

Masu aiki suka sauke, suka cinna wa tsohuwar ciyawar wuta. Tsohon kuwa bai dawo ba.

Habila ya iso bayan an binne shi, ana dab da ruwan shuka. Abu ɗaya yake so, ya shuka geron Baba. Ya shiga ɗakin girki, ya miƙa hannu sama inda ya sani tun yana yaro. Kwano ya taɓa, mai zafi.

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ga ta. Fita neman abinci ba zunubi ba ce, ai da ita aka buɗe idon tsohon. Irin kuwa shi ne bangaskiya da tsoron Allah da iyayenmu suka adana mana a wuraren da ba su da kyan gani. Wanda ya yi nisa ciyawa kaɗai yake tunawa. Kai da ke waje, da kai mai shirin tafiya, kafin ka aiko a sauke, ka tambayi tsoho abin da ya soke a ciki, tun yana iya amsa maka.