Uban da Ya Cire wa 'Yarsa Jan Awarwaro

Ya 'yan uwa, an taɓa yin wani mutum mai aiki a kamfanin sayar da motoci. Mutum ne ɗan gayu, takalminsa kullum a goge, kuma yana tsoron bakin mutane fiye da yadda yake tsoron Mahaliccinsa.

Allah ya ba shi 'ya mace, kurma ce tun haihuwa. Uwarta ta koyi maganar hannu har ta iya, shi kuwa ko "zo nan" bai koya ba. In baƙi sun zo sai ya ce yarinyar kunya gare ta, shi ya sa ba ta magana. Yana son ta, kada ku ce ba ya so. Amma ya fi son a ce gidansa ba aibi.

Yarinyar nan ba abin da take ƙauna kamar ruwa. Duk ƙarshen mako uwar kan kai ta wurin ninkaya na unguwa. A wurin akwai ƙa'ida: yaron da ba ya ji, ko mai farfaɗiya, ko wanda hankalinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, ana sa masa jan awarwaro na roba a hannu. Mai tsaron ruwa in ya ga ja, ba ya dogara da usur, tasowa yake ya tsaya kusa da yaron.

Wata rana uwar ba ta da lafiya, shi ya kai yarinyar. Sai da uwar ta roƙe shi a bakin ƙofa kada ya ɗauke ido daga kan 'yar, ya ce ya ji.

An sa wa yarinya awarwaronta. Suna shiga sai ya hango ogansa a inuwa da iyalinsa. Gabansa ya faɗi, domin shekara shida ke nan yana ce wa mutanen ofis 'yarsa lafiya lau take. Ya durƙusa kamar mai gyara mata riga, ya zare awarwaron ya jefa a kwandon shara. Yarinyar ta dube shi, ya yi mata murmushi, ta shiga ruwa.

Ya je ya zauna yana hira, ya ba ruwan baya. Ita kuwa ta bi wata ƙwallo har ta ƙetare igiyar da ta raba wurin yara da wuri mai zurfi. Mai tsaro ya busa usur sau biyu. Da bai ga ja a hannunta ba, ya ɗauka ƙwararriya ce mai taurin kai, ya juya ga wasu yara da ke kokawa.

Mutane suna zaton mai nutsewa ihu yake yi. Ba ya yi. Uban yana dariyar wani labarin oga lokacin da aka fito da ita.

Mai tsaron ya danna ƙirjinta har hannunsa ya mutu. Da aka gaya masa kurma ce, ya ɗago ya dubi uban.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba? Da a gefenta zan tsaya."

Yarinyar ba ta farfaɗo ba. Uwar ta koma gidan iyayenta bayan kwana bakwai, ba ta sake dawowa ba. Uban kuwa aikin ma ya gagare shi, don ko ƙarar famfo ya ji sai ya tuna da ranar. Ogan da ya ji kunyarsa ya yi masa ta'aziyya, ya ce shi ma ƙanensa kurma ne.

To, wa ya ɓoye wa? Ya 'yan uwa, lalurar ɗanka ba abin kunya ba ne, amana ce. In za ka kai shi bakin ruwa, faɗa wa mai tsaro halinsa, ka tsaya inda hannunka zai kai gare shi, ka bar hira sai an fito. Allah ya kiyaye mu da jin kunyar abin da ya ba mu, ya tsare mana 'ya'yanmu. Amin.